Rasuwar Hular Haƙorin Mushe Isaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma baki wanda gefe ɗaya kawai ke aiki a yanzu, Mushe Isaka (Mushe ɗin laƙabin Faransanci ne da ake wa malaman boko), tsohon malamin lakol da ya koyar a Azarori da Bangi da Galma kafin ya aje alli a Madawa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da ma waɗanda ba 'yan'uwa ba kuma ba abokai ba amma ba a taɓa rasa su a zaman makoki, rasuwar hular haƙorinsa, wadda likitoci ke kira kuron. Ta rasu ranar Litinin bayan la'asar, a kan teburin karatunsa, tana da shekara goma sha tara da 'yan watanni, bayan jinyar kusan wata biyar. Ba zai yi mata salati irin na mutum ba. Ya san bambanci, don ya yi wancan shekara biyu da suka wuce, ranar da aka fitar da matarsa Saude.

Yana roƙon jama'a kada su haɗa marigayiya da haƙorin Makka. Wancan a gaba ake sa shi, aikinsa ya ƙyalla idan alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ita kuwa farin ƙarfe ce, narkakke, an zuba ta daidai da matauni na biyu a muƙamuƙin ƙasa na hagu, can cikin lungu inda babu mai gani. Shekara goma sha tara ta yi tana aiki a duhu, ba ta taɓa fita a hoto ba. Yawancin masu karanta wannan sanarwa yau ne suka fara jin labarinta, kamar yadda suka saba jin labarin mutanen kirki.

Asalinta daga Buza ne. A wani suna aka gayyaci Mushe, aka kawo shinkafa da wake, kuma mutanen garin, da yake Allah ya hore musu duwatsu, ba su yi ƙyashin zuba wa baƙo rabonsa ba. Ya tauna, ya ji ƙaras, rabin haƙori ya bi loma. Da ya dawo gida niyyarsa ya je wurin wanzami a fizge sauran a huta. Saude ta saurare shi har ya gama kawo hujjojinsa, waɗanda ya jera ɗaya, biyu, uku kamar yana gaban allo, sannan ta ce, "Mushe, ni ban auri mai shan kunu ba. Tashi mu tahi Tawa." Suka bi ta Buza da Keita a bayan wata mota da ta girgiza sauran haƙoran nasa har ya soma tunanin ko hula ɗaya za ta isa.

Likitan da suka samu dattijo ne mai kauri, wanda bai iya fara'a ba kuma bai yi ƙoƙarin koya ba. Ya fiƙe haƙorin, ya cusa masa wani ƙulli a baki ya ɗauki siffa, ya ce su dawo bayan mako. Da suka dawo ya fito da marigayiya daga cikin auduga, ya zuba wani farin gari a kan gilashi, ya ɗiga ruwa, ya yi ta cuɗawa a hankali kamar mai dama magani wa jariri. Siminti yake ce masa, sai ka ce ɗaki zai gina. Ya busar da haƙorin, ya kewaye shi da auduga, ya ɗora ta, ya ce a cije, kada a yi magana sai ya ba da izini. Saude ta sha faɗa daga baya cewa tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa samun kwata ɗin awa mai daɗi kamar wannan ba, har ta tambayi likita ko yana sayar da garin ga mutanen gari.

Halayen marigayiya ba sa buƙatar ƙari. Ta ci kilishin Madawa tun lokacin da ake yin sa da nama. Ta gwagwiyi goriba, ta fasa aya, ta murƙushe ƙuli-ƙulin da ya kwana uku a aljihu, kuma a kan ƙashin kaza takan ce ƙas, sau ɗaya, a taƙaice, irin maganar wanda ya san aikinsa. Idan cokali ya taɓa ta takan ce ƙyal, ba don ƙorafi ba, don dai a san tana nan. An canza wa mai ita makaranta sau uku, ta bi shi ba ta nemi a bar ta kusa da gudro, wato titin kwalta, ba. Ta ga darektoci sun zo sun tafi, ta ga masu duba malamai waɗanda ba su iya rubuta sunan garin da suka zo dubawa ba, kuma sau da yawa a kanta aka cije lokacin da bai kamata a ba su amsa ba. Da ba don ita ba da an kori Mushe tun kafin ya yi furfura.

Ciwon ajalinta ya fara a hankali. Bayan rasuwar Saude da kamar shekara da rabi, ya soma jin tana ɗan motsi idan harshe ya taɓa ta, kamar ƙofar da ƙusarta ta saki. Bai gaya wa kowa ba, don babu wanda ake gaya wa irin wannan a gidan. Wata rana yana cin abincin rana shi kaɗai, sai ya ji ting a cikin tasa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba kilishi ne ya kayar da ita ba. Tuwon gero ne da miyar kuka, mai laushin da ko jinjiri zai haɗiye.

Maƙwabcinsa Maiguwa, mai gyaran babur, shi ya fara zuwa dubiya. Ya juya marigayiya a tafin hannunsa mai baƙin mai, ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, yana da wani danƙo da ya taɓa manne murfin inji da shi har aka je Ƙonni aka dawo. Mushe ya gode masa, ya ce shi ba ya niyyar zuwa Ƙonni da bakinsa. Sai Maiguwa ya ce to akwai wani likita Hafizu da ya buɗe ɗakin gyaran haƙori a gari, mai kayan zamani, har talabijin gare shi a wurin jira.

A nan ya wajaba a faɗi wata al'ada ta mai sanarwa. Shi mutumin ƙasar albasa ne, ɗanya yake cin ta, kuma tun suna amarya da ango Saude ta kafa masa doka: ba a buɗe wa baƙo baki sai an tauna kanumfari. Tana da wani ɗan gwangwani da take zuba shi. Bayan kowane cin abinci takan miƙo masa ya ɗauki ɗaya, ita ma ta ɗauki ɗaya. Da marigayiya ta faɗi, guntun haƙorin da ke ƙarƙashinta ya zama ko ruwan randa ya taɓa shi sai ya tsira masa har kunne, don haka ya riƙa daka kanumfari yana danna masa safe da yamma, kamar yadda kowace kaka a Adar za ta ce a yi. Ranar da zai ga likita kuwa, saboda ladabi, biyu ya tauna a wurin jira, yana kallon talabijin ɗin da aka yi masa alkawari.

Likita Hafizu mutum ne mai fara'a da yawa. Ya kira shi Baba, ko da yake an gaya masa Mushe ne. Ya leƙa bakin ya ce Baba ka iya ƙamshi, bai tambayi komai ba. Da ya ji labarin gari da gilashi sai ya yi dariya, ya ce ai wannan tarihi ne. Ya ɗauko wani abu mai kama da allura mai ciki biyu, ya ɗaga shi sama kamar mai tallan turare.

"Baba, wanga siminti shi ka riƙe kanshi," in ji shi. "Ba wanki, ba shafe-shafe, ba jira. Sai dai ka bar ma jikoki gado."

Ya matsa, ya ɗora, ya danna da babban yatsa, sannan ya haska wata fitila mai shuɗin haske a kan marigayiya, ya ce hasken ne ke busar da simintin. Mushe ya koyar da yara shekara talatin cewa haske ba ya ratsa ƙarfe, kuma ya so ya tambaya ta wace ƙofa wannan hasken zai shiga, amma akwai yatsu uku na wani a bakinsa. Duka aikin bai kai tsawon gaisuwar mutum biyu a kasuwa ba. Ya fito yana jin kunyar dattijon Tawa, wanda ya ɓata rabin safiya a kan abin da zamani ke gamawa kafin shayi ya huce.

Gadon jikoki ya yi mako goma sha ɗaya. Ranar wata Juma'a yana alwala a bakin masallaci, ya kurkure baki ya tofar, marigayiya ta bi ruwan. Ba ta yi ƙara ba, don a yashi ta sauka. Waɗanda suka ga tsohon malaminsu durƙushe yana tone jiƙaƙƙen yashi tsakanin ƙafafun mutane, suka tsaya suna tambayarsa ko lafiya maimakon su ɗage ƙafa, yana sanar da su cewa ya gane su duka, har da waɗanda suka yi gemu, kuma ya tuna irin makin da suke samu a dikte, wato shifta.

Likita Hafizu ya ce kilishi ne. Mushe ya ce rabonsa da kilishi tun kafin azumi. Likita ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya sake matsawa, ya sake haskawa, wannan karon ya daɗe da fitilar don a ga ya yi ƙoƙari. Mushe ya koma gida ya rungumi kunu safe da rana, ya zama daidai mutumin da Saude ta ce ba ta aura ba. Kwana tara aka yi. A na goma ya yi hamma yana karatu, marigayiya ta gangaro kan shafi ta tsaya a tsakiyar jimla. Da ya koma, bayanin da aka ba shi shi ne yawunsa yana da ƙarfi. Ya rayu shekara sittin da huɗu an zarge shi da kaifin harshe da taurin kai, amma wannan ne karon farko da aka ɗora wa yawunsa laifi.

'Yarsa Munira, wadda ke aure a Keita, ita ta gaji da jin labarin a waya, ta zo ta sa shi a kar, wato motar fasinja, zuwa Tawa. Dattijon likitan nan ya daɗe da rasuwa. Suka samu wata likita Mariama, mace mai matsakaicin shekaru, wadda ba ta da talabijin. Ya buɗe baki, ta matso, ta tsaya, ta ja da baya kaɗan.

"Mushe, kanumfari kake sa mishi?"

Ya ce ƙwarai, safe da yamma, kuma ya tauna biyu yanzu a waje saboda girmamawa.

"Ranar da aka manna ta ma ka tauna?"

Ya ce duka biyun. Ba a haife shi a daji ba.

Ba ta yi dariya ba, kuma yana gode mata. Ta ba shi madubi ta nuna masa abin da shekara goma sha tara bai gani ba: wani ɗan guntu, gajere, baƙi a gefe, ya sule kamar kan tsohuwar taɓarya. Ta ce laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Guntun ya gajarce, hula ba ta da isasshen abin kamawa, kuma siminti komai sabuntarsa ba ya mayar da tsawon da ya tafi. Ta juya marigayiya ta nuna masa ɓarɓashin tsohon siminti da ba a kankare da kyau ba. Sannan ta zo kan kanumfari. Ta ce irin wannan sabon simintin, a ƙarƙashin ƙarfe inda haske ba ya kaiwa, da kansa yake daskarewa, kuma man kanumfari idan ya jiƙa haƙori yana iya hana shi kamawa yadda ya kamata. Tsohon simintin dattijo bai damu da kanumfari ba. Wannan ya damu.

Mushe ya ce to a koma wa gari da gilashi. Ta ce ko da ta koma, sai ta fara kankare ruɓar ta gina guntun ya ƙara tsawo, kuma abin ginin dangin sabon simintin ne. Hanya ɗaya ce: kwana goma sha biyar ba kanumfari, ko a baki, ko a kan haƙori, ga ƙwayoyi saboda ciwo, sannan ya dawo ta gwada. Ba ta yi masa alkawarin jikoki ba. Ta ce idan ba haka ba, sai dai a cire guntun kafin ya kumbura masa fuska.

Ya roƙe ta takardar da ke cikin kwalin irin wannan sabon simintin, ya karanta ta a kar a hanyar dawowa, duk da girgiza. Maganar tana nan, da Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, kusa da ƙarshe. Likita Hafizu bai kai nan ba, ko ya kai bai haɗa ta da ƙamshin bakin Baba ba. Mai sanarwa ya so ƙwarai ya tsaya a nan, ya bar laifin a ɗakin mai talabijin, inda ya dace da shi. Amma ya sa yara da yawa durƙuso saboda sun amsa rabin tambaya, don haka zai ƙarasa.

Ya yi kwana goma sha biyu. Ƙwayoyin sun yi aikinsu, haƙorin bai yi masa ciwo ba, ba shi da wannan uzurin. Ya ɗora gwangwanin a saman kabad, bayan ƙamus, inda sai ya taka kujera. A rana ta goma sha uku ya gama cin abincin rana, ya wanke hannu, ya zauna. Gidan ya yi shiru irin na bayan cin abinci, lokacin da shekara talatin da huɗu ake jin ƙarar murfin gwangwani daga hagunsa. Ya taka kujera. Kada wani mai taushin zuciya ya ce kanumfarin da ta bari ne. Nata ya ƙare tun bara, wannan a kasuwa ya saya wurin wani mutum mai tsada da rashin kunya. Gwangwanin ne nata, da lokacin.

Ya sake ƙirga daga ɗaya, kamar ɗalibin da aka mayar aji. Ya kai kwana huɗu. Ranar Litinin bayan la'asar ya zauna a gaban tebur, marigayiya tana kan auduga tana ƙyalli, lafiyarta lau, ba tsaga ba lanƙwasa, tana iya wata shekara goma sha tara a bakin mutum mai hankali. Ya kira likita Mariama ya ce ta ba shi randebu, wato ta sa masa ranar cirewa. Saboda haka a sani, ba likita ne ya tabbatar da wannan rasuwa ba, mai ita ne.

Munira ta kira ba a jima ba, da muryar da ta gada. Ta ce kwana goma sha biyar ne fa kawai, mutane suna barin taba, suna barin goro. Ta ce za ta zo ta ɗauke gwangwanin ta tafi da shi Keita har a gama. Ya ce idan ta taɓa shi kada ta ƙara taka gidan. Sai ta ce, "Baba, Inna da kanta za ta ce ka bari."

"Da ta ce," in ji shi, "da na bari."

Marigayiya ta rasu ta bar guntun haƙori ɗaya, wanda ya zauna a ƙarƙashinta shekara goma sha tara ana zaton wani abu ne, sai da ta tafi aka ga ashe ita ce ke rufa masa asiri. Ta bar abokin taunarta na sama, wanda yanzu yake sauka bai tarar da kowa ba. Ta bar harshe, mai zuwa dubiya sau ɗari a wuni yana dawowa da labari iri ɗaya, da muƙamuƙin dama, wanda aikin gida duka ya koma kansa ba tare da an shawarce shi ba. Ta kuma bar likita Hafizu da sauran simintinsa da fitilarsa, kuma an ji yana nan lafiya, jama'a na ta shiga.

Jana'iza kamar haka. Ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe za a cire guntun a Tawa. Kar tana tashi daga tashar Madawa bayan asuba, kuma ba a neman 'yan rakiya, Munira za ta shiga a Keita ko ana so ko ba a so. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu shawara su riƙe abarsu, musamman Maiguwa, wanda har jiya ya leƙo ta katanga da danƙonsa. Wanda ya kawo kilishi da sunan ta'aziyya, za a karɓa a ba shi ya cinye a tsaye a gaban mai gida.

Mushe ya roƙi likita kada ta jefar da guntun, ta naɗe masa a auduga, ta kuma yarda bayan ta dube shi na ɗan lokaci. Ranar Juma'a da hantsi zai wanke su duka biyun da ruwan ɗumi, ya haƙa rami a gindin katangar gabas, mai zurfin da kaji ba za su kai ba. Zai ɗora wa guntun hularsa da hannunsa, ba gari, ba gilashi, ba fitila, ya naɗe su a ƙyalle ɗaya ya rufe. A can ƙasa ba a tauna komai. Za ta zauna.